Na Ɓoye Muryar Mijina a Shagon Maƙwabciya

Yaya Ammatullahi, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, domin abin da na ƙulla ya kusa kwancewa a hannuna. Na ɓoye muryar mijina. Na san za ki ce wannan mata ta zautu, ita murya ai ba zobe ba ce da za a tura ƙasan akwati. To ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Ni 'yar Mafoni ce a nan Maiduguri, Hausata ta Barno ce, inda ta karkace ki miƙe mini ita kafin ki buga.

Maigidana, wanda zan kira Baban Kaltum, dillalin shanu ne tun kafin ya aure ni. Mutum ne gajere, ba shi da wani jiki, amma duk abin da ya rasa a tsawo ya same shi a maƙogwaro. Idan ya tsaya a wannan bakin Kasuwar Shanu ya ƙwala wa mutum kira, na wancan bakin ne yake amsawa. Bai iya raɗa ba. Ko sirri ya gaya mini a cikin ɗaki, da safe maƙwabta ne za su shigo yi mini murna ko jaje. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya rage masa sauti, ashe ban san abin da nake roƙo ba.

Daidai lokacin da garin nan ya rikice, muryar ta fara dishewa. Muka ce ƙurar kasuwa ce, muka ce ihu ne ya yi yawa, aka sha zuma, aka sha citta da kanumfari. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, 'yarmu Kaltum da take aure a Kano ta matsa aka kai shi asibiti a can. Likitoci suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma in ana son ransa sai an cire wurin da murya take fitowa gaba ɗaya. Aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Ya dawo gida da 'yar ƙofa a gindin wuya, ta nan yake numfashi, yana rufe ta da ƙyalle. Bakinsa yana motsi, amma babu abin da yake fita.

Na yi kuka a lokacin, ba zan ce ban yi ba. Gidan ya yi tsit har nake jin ƙarar agogon bango, agogon da muka yi shekaru da shi ban taɓa sanin yana ƙara ba. Shi bai yi boko ba, ajami kawai yake rubutawa, kuma rubutunsa ko malamin da ya koya masa ba zai iya karantawa ba. Sai muka koma buga cokali a kan faranti da nuni da hannu. Ni na zama bakinsa. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa, aikin tafinta ya yi mini daɗi. Baƙo zai zo, Baban Kaltum ya yi ta kaɗa hannu yana zare ido yana nuna gabas da yamma, ni kuma in ce ya ce ya gode, a gaida gida. Har na shaida wa duniya cewa ya daina shan shayi da suga. Ya harare ni ya buga faranti, in ce kun gani, yana tabbatarwa ne.

A haka muka yi kusan shekara biyu. Bara da muka koma Kano a duba shi, sai wata malama a asibitin, wadda aikinta koya wa irinsu magana, ta fito da wata 'yar na'ura baƙa. Girmanta kamar ƙaramar tocila, tana da batir da ake yi wa caji, da maɓalli a gefe. Mutum zai manna kanta a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya danna maɓallin, sai ta riƙa kaɗawa tana zzz, shi kuma ya motsa baki da harshe yadda ya saba, sai ƙarar ta koma magana. Kaltum da mijinta suka yi ta fafutuka har suka samo masa irinta. Ya sha wahala kafin ya gano wurin da take kamawa a wuyansa, kwana da kwanaki zzz kawai muke ji. Ranar da ta kama, malamar ta ce ya fara da gajeren abu. Ya dube mu ya yi mana cikakkiyar sallama, har da wa barakatuhu. Ni da Kaltum muka amsa muna kuka, malamar ma ta juya tana gyaran mayafi. Muna cikin share hawaye ya sake manna ta, ya nuna ni da yatsa, ya ce: "Ƙarya take yi, ina shan suga."

Muryar ba tasa ba ce, Yaya. Ba ta hawa ba ta sauka, a miƙe take, kamar ta aska mai lantarki ta wanzaman zamani. Amma tsiyar tasa ce, ba'ar tasa ce, kuma kunne yana sabawa. Maƙwabciyarmu Adaeze, wadda take da shagon kayan sanyi a bakin layinmu, ita ta raɗa wa na'urar suna Zanzaro, sunan kuwa ya bi ta. Adaeze a nan aka haife ta, Hausa da Barbarci duk a bakinta suke, kuma da mutane suka yi ta barin gari ita ta ce ba inda za ta. Wutar lantarki mun manta kamanninta, don haka a janaretanta muke yi wa Zanzaro caji.

Watannin da suka biyo baya sai dai in ce alhamdu lillahi. Mutumin nan ya rama duk maganar da ya rasa. Yana gardama da rediyo. Yana yi wa akuya faɗa. Ya bi baƙin da na yi wa tafinta ɗaya bayan ɗaya yana gyara musu abin da ya ce da gaske, har wasu suka daina gaishe ni na ɗan lokaci. Kin san gaisuwarmu ta Barno ba ta da ƙarshe. Idan amininsa Ba Madu, wanda suke rumfa ɗaya a kasuwa, ya zo, za su fara wushe wushe, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi zafi, a koma kan gida, kafin a kai ga maganar da ta kawo shi batir ya yi rabi. Abin da ya fi yi mini daɗi kuwa, duk lokacin da ya dawo daga masallacin layinmu, sai ya tsaya a zaure ya ciro Zanzaro ya yi sallama, ba zai shigo ba sai na amsa. Wani lokaci nakan yi shiru da gangan don ya maimaita.

Sai ya ce zai koma kasuwa. Na ce ƙura, ya ce zai ninka ƙyalle. Na ce hayaniya, wa zai ji shi a cikin shanu, ya ce dillalin kirki a kunne yake magana, da can ma ɓarnar murya yake yi. Ba Madu ya zo suka hau keke suka tafi. Abin da ya faru a can ban gani da idona ba, amma na ji shi daga baki fiye da goma.

Kin san yadda ƙofar kasuwa take a shekarun nan. Kowa sai ya bi layi, 'yan kato-da-gora su shafa masa sandar nan mai ƙara, sojoji kuma suna tsallaken titi a bayan buhunan yashi. Ba Madu ya tsaya sallamar mai keke, shi kuwa gogan naki ɗoki ya hana shi jira, ya shige layi shi kaɗai. Sanda ta zo kan aljihunsa ta yi kuka. Mai binciken, wani baƙon fuska da bai san shi ba, ya tambaye shi me ke ciki. Shiru. Ya tambaya da Barbarci, shiru. Ga mutum da ƙyalle ɗaure a wuya, baki yana motsi kamar mai karanta wani abu. To shi Baban Kaltum yana son ya yi bayani, kuma hanyar bayaninsa ɗaya ce tak a duniya. Sai ya zura hannu a aljihu, ya zaro baƙin ƙarfe, ya ɗaga shi sama, ya ɗora babban yatsa a kan maɓalli.

Yaya, an ce kafin ƙiftawar ido babu kowa a tsaye a wurin sai shi. Mai shayi ya faɗa kwamin ruwan shanu. Wani mahauci ya gudu ya bar takalmi da wuƙaƙe, sai bayan la'asar aka gan shi. Wani bijimi ya tsinke igiya ya bi masu gudu, su kuma suka ƙara mai. Ba Madu ne ya sheƙo yana ihu, ya tsaya a gabansa ya ware hannuwa yana rantsuwa da Allah cewa mara lafiya ne. Wuri ya yi tsit, kowa yana kwance ya toshe kunne, sai aka ji zzz, wata murya a miƙe tana cewa ita ce Baban Kaltum, wushe wushenku, ya kasuwa.

Daga nan sai dariya. Tsofaffin dillalai suka gane shi, suka rungume shi, suka kai shi rumfa, kowa yana son ya ji Zanzaro. Ya dawo gida fuska kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, yana ba ni labari yana dukan cinya, yana kwaikwayon mai shayi. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da ya shiga wanka sai Ba Madu ya kira ni zaure. Ya ce mini lokacin da ya sheƙo, sojan da ke tsallake ya riga ya ɗana bindiga ya saita ta a kan ƙirjin mijina, kuma shi da kansa ya ga yatsan sojan a inda yake. Ya ce shi Baban Kaltum bai gani ba, ya ba wa titi baya, kuma shi ba zai iya gaya masa ba.

Washegari na ɗauki Zanzaro na kai caji wurin Adaeze, na ce ta saka shi a ƙasan kantar shagonta, kada ta ba kowa. Yau ana neman mako uku. Na ce masa babu fetur. Na ce layin masu cajin waya ya yi yawa. Na ce janareta ya lalace, kuma ina cikin faɗa masa haka janaretan yana ta ruri a bakin layi, har tagarmu tana rawa. Ya saurara, ya dube ni, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai. Da ya buga faranti ya zare mini ido da na fi samun sauƙi. Ba ya fushi. Yakan taɓa wuyansa da yatsa biyu ya ɗaga mini gira, in ce gobe in sha Allahu, ya sake gyaɗa kai. Yanzu idan ya dawo daga masallaci, a zaure yake tsayawa ya tafa hannu kamar baƙon da ya zo tambayar gida. Duk ranar da na ji tafin nan sai na ji kamar in nutse a ƙasa.

Ita kuma Adaeze ta ce ta gaji. Ta ce yakan zo ya zauna a bencin shagonta ya yi ta kallon kantar, ba ya nuna komai, ita kuma ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce ba za ta ci gaba da shiga coci da muryar mutum a ƙasan kantarta ba, in ban zo na ɗauka ba, ranar Lahadi tana tasowa za ta kawo masa da hannunta. Ga Babbar Sallah ta matso, dabbobi sun fara shigowa, Ba Madu ya ce an share wa Baban Kaltum wurin zamansa a rumfa. Na san ranar da Zanzaro ya koma hannunsa, washegari yana ƙofar kasuwa.

Ina son in ji sallamarsa, Yaya, Allah ya sani. Amma na fi son in gan shi yana numfashi. Na riga na ga an shiga da shi ɗakin tiyata sau ɗaya, ba zan iya a kawo mini shi a kan tabarma saboda ɗan ƙarfen da muka sayo da hannunmu ba. In jefa shi a rijiya in ce ya ɓata? In gaya masa maganar bindigar? In na gaya masa ya ce zai tafi duk da haka fa? Ki taimake ni, kaina ya ƙulle.

Taki,
Tafintar da aka sallama daga aiki, Mafoni.

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata Tafinta.

Hausarki ba ta karkace ko'ina ba, ban taɓa mata ko wasali ba. Na yi dariya a kan mai shayi har abokan aikina suka leƙo, sannan na kai ga sojan, dariyar ta tsaya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya saka wa Ba Madu da alheri. Ba kowane amini ne zai tsaya tsakanin mutum da bakin bindiga ba.

Bari in fara da abin da kike da gaskiya a kai, kuma yana da yawa. Tsoronki ba na banza ba ne. A garin da kuke ciki, a shekarun nan, mutumin da aka tambaya ya yi shiru, sannan ya zaro ƙarfe mai maɓalli daga aljihu, ya yi daidai da abin da kowa yake mafarkinsa ya farka a firgice. Ban ga laifin masu gudu ba, ban ga na mai bincike ba, shi ma sojan yana da iyalin da suke jiran ya koma. Maigida ya yi ganganci da ya shiga layin nan shi kaɗai, ko da yake ɗoki ne ya ja shi. Da kin rubuto kin ce kin sake shi ya koma haka nan da Zanzaro a aljihu, da ke zan yi wa faɗa.

Amma rijiya, a'a. Ki cire ta daga ranki tun yanzu. Ciwo ya raba mutumin nan da muryarsa sau ɗaya, wannan ba yin kowa ba ne. Na biyun kuwa ke ce, kuma kin san haka, shi ya sa tafin hannunsa yake hana ki sakat. Ke don kasuwa kika ɗauke, amma ba kasuwa kaɗai kika hana shi ba. Kin hana shi gaida amininsa, kin hana shi cewa ga inda yake masa ciwo, kin hana shi kiran sunanki idan wani abu ya same shi a ɗaki ke kina madafa. Kuma ki daina wahalar da kanki da labarin fetur. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane ƙaryar masu sayar da shanu daga ƙiftawar ido, ba janaretan da yake ruri a kunnensa ne zai ruɗe shi ba. Ya sani. Yana jiranki ne, kuma yana yi miki kara. Kina ganin kin yi nasara a gardamar zuwa kasuwa, alhali ba a yi gardamar ba ma, kin dai ɗauke bakin abokin gardamar kin ajiye a shago.

Don haka kada ki bari Lahadi ta riske ki. Ki je da ƙafarki ki karɓo, ki yi wa Adaeze godiya, ki ba ta haƙurin nauyin da kika ɗora mata. Idan ita ta kawo masa, kin zama wadda aka kama. Idan ke kika kawo, kin zama matar da ta ji tsoro ta dawo. Idan ya koma hannunsa, ki zauna, ki gaya masa maganar bindigar yadda Ba Madu ya gaya miki, kada ki rage komai. Ransa ne, yana da haƙƙin ya san yadda ya kusa tafiya. Yanzu shi labarin ban dariya kawai yake riƙe da shi, shi ya sa yake ganin kin cika tsoro. In kuka ya zo miki ki yi abinki. Sannan ki yi abin da na san zai fi yi miki wuya, ki kama bakinki har ya gama magana, ko da batir zai ƙare. Ba a buƙatar tafinta a wannan zaman.

Kin tambaya, in ya ce zai tafi duk da haka fa? Ina kyautata zaton zai ce, kuma ni ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya tashi daga irin wannan ciwo yana bukatar wurin da ake jiransa. Sai dai tafiyar tana da sharuɗɗa, kuma wannan karon ku biyu za ku gindaya su.

Matsalar ranar nan ita ce Zanzaro baƙo ne, kuma a bakin ƙofa aka fara ganinsa, wurin da babu mai nutsuwar sauraron bayani. To a gabatar da shi a inda ake da nutsuwa. Ba Madu ya gayyato shugaban dillalai da babban masu binciken ƙofar zuwa zaurenku, ki dafa musu shayi, maigida ya nuna musu ƙofar wuyansa da yadda na'urar take aiki. A bar kowa ya manna a nasa wuyan ya gwada, a yi dariya. Wanda ya riƙe abu a hannunsa ya yi wasa da shi ba zai sake guje masa ba. Su kuma su raka shi wurin sojojin a ranar da babu cunkoso, su yi bayani tun daga nesa. Ki tuna ana sauya sojoji, ana sauya masu bincike, don haka duk ranar da aka ga sabuwar fuska sai a sake gabatarwa, ba a gajiya.

Aljihu kuma an gama da shi. Ki ɗinka wa Zanzaro 'yar jaka da atamfa mai haske, wadda ta fi kowace ihu a akwatinki, ki sa mata igiya ya rataya a ƙirji inda kowa zai gani tun daga nesa. Kaltum ta karɓo masa kati daga likitansa, mai hotonsa da bayani a taƙaice da Hausa da Turanci cewa ba ya magana sai da wannan na'ura, a maƙala a jikin jakar. A duk shingen bincike hannuwansa a sama, ba zai taɓa komai ba sai wanda yake tare da shi ya yi magana an ce ya taɓa. Wannan shi ne babban sharaɗi, ba ya shiga layi shi kaɗai, ko ɗoki zai kashe shi. Ranar da gari ya tashi da ɗar-ɗar kuwa, ya zauna a gida ya yi gardama da rediyo. In ya karɓi waɗannan, ke ma ki karɓi tafiyarsa da fuska a sake.

Idan kun koma asibiti, ku ba malamar nan labarin duka. Akwai masu koyon magana da iskar da suke haɗiya ba tare da na'ura ba, akwai kuma ɗan bututun da likita yake sanyawa a cikin wuya. Ba kowa suke yi wa daidai ba, su ne za su duba su faɗa, amma ko sallama da sunansa kaɗai ya iya fitarwa hannu sake, an rage haɗari. Ku tambaye ta kuma irin ƙyallen da ya fi tare ƙura, domin a wannan kin fi shi gaskiya.

Ba zan yi miki alkawarin cewa babu abin da zai faru ba. Ba ni da wannan ikon, babu mai shi a garin nan, ko wanda ya kulle kansa a ɗaki. Abin da na sani shi ne kin yi jinyar mutumin nan, kin zama bakinsa, kin hana shi suga, duk don ya rayu, kuma ya rayu. Yanzu ki bar shi ya ci moriyar ran da kika yi ta tattali.

Ki ajiye jaridar nan ki saka mayafi. Ki tabbata Adaeze ta cika batir. Kafin ya dawo daga masallaci ki rataye Zanzaro a ƙusar zaure, daidai inda idonsa zai faɗa, ki koma ciki ki ɗora shayi, ki zuba masa suga cokali ɗaya don a shirya. Mai gida ba ya tafa hannu a ƙofar gidansa. Idan kika ji zzz daga zaure, yau kam kada ki yi shiru don ya maimaita, ki amsa tun a ta farko, da ƙarfin da maƙwabta za su ji.

Allah ya tsare shi a fitarsa da dawowarsa, ya sanyaya miki zuciya, ya zaunar da Maiduguri lafiya, ya sa ku yi Sallah cikin surutu.

Taki,
Yaya Ammatullahi.